Yadda za ka tsare uwar kuɗinka idan farashi ya ƙi zama wuri ɗaya

Wani dare cikin watan Janairun 2024, bayan sallar isha'i, na sa ɗan ƙanwata da ke zama min a shago ya ja ƙofa rabi, muka zauna ƙirgen kaya. Ba lokacin ƙirge ba ne, don ni a watan Sha'aban nake yi saboda zakka. Abin da ya tayar min da hankali shi ne da la'asar ɗin ranar na ɗaga kai na ga bango. A bayan inda nake jera kwalayen taliya da makaroni akwai wani tsagi a jikin siminti wanda na manta da shi, saboda shekara da shekaru kwalaye sun rufe shi tun daga ƙasa har sama. Ranar nan sai ga tsagin a fili, har da yanar gizo. Alhali ciniki ake yi ba kama hannun yaro, kuɗin da ke shigowa aljihun tebur da waya bai taɓa kai na watannin nan yawa ba.

Yaron yana haska tocila yana kira, ni ina rubutawa. Taliya da makaroni kwali 61, a ƙirgen da ya wuce 110 ne. Man gyaɗa jarka 9, a da 16. Sukari, fulawa, sabulu, duk labarin ɗaya. Da muka gama sai ya ajiye tocilar, muryarsa na rawa ya ce, "Kawu, wallahi ko ƙwayar ashana ban taɓa ɗauka ba." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, na sani. Ba wanda ya saci komai. Kayan nan da hannuna na miƙa su, na karɓi kuɗinsu cif, kowane kwali da ribarsa a rubuce cikin littafi, amma kusan rabin shagon ya tafi.

Shekarata 14 ina sayar da kayan masarufi a unguwar Kurna da ke Kano, a kasuwar Singa nake sari, a can kuma na yi yarantar kasuwa wajen maigidana. Wannan rubutu na yi shi ne don mai shago irina, da mai teburi a ƙofar gida, da uwargida mai sayar da kayan miya da man girki a cikin gida, duk wanda jarinsa ƙarami ne kuma da shi yake ci da iyali.

Kowa ya san abin da ya faru, amma bari in jero shi a gurguje don a ga ba iska ɗaya ce ta kaɗa ba. Farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace a hannun mutane, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yuni Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake canzawa wajen 750 a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ta wuce 1,800 a Fabrairun 2024, ta faɗo ƙasa da 1,200 a Afrilu, ta sake tashi. An yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka har Maris na 2024, 'yan sarin Maraɗi da Damagaram suka rage zuwa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Sai kuma 2025 ta zo, hatsi ya karye, waɗanda suka cika sito suka shiga uku. Saboda haka duk wanda ya ce maka ya san inda farashi zai kwana gobe, kada ka ɗora jarinka a kan maganarsa. Abin da kake da iko a kansa shi ne cikin shagonka, kuma a nan zan tsaya.

Ka fara da canza ma'aunin da kake auna arzikinka da shi. Muddin naira tana narkewa, lissafin riba da naira yaudara ne. A ce ka saro taliya kwali 100 a kan naira 10,000 kowanne, ka kashe miliyan ɗaya. Ka sayar a kan 10,700, kuɗinka ya zama 1,070,000, littafi ya ce ka ci ribar 70,000. Ka koma Singa ka tarar kwali ya zama 11,500. Duk kuɗin nan, uwa da riba, kwali 93 zai saya maka, ba a ma cire kuɗin dako da na mota ba. Ka ci wahalar mako biyu, ka faɗi kwali 7. In kuma ka riga ka ɗauki 70,000 ɗin nan ka yi cefane da ita a matsayin riba, kwali 86 za ka dawo da shi. Yi wannan sau biyar sau shida ka ga ko bangonka ba zai fito ba.

Don haka ka samu littafi daban, ba na ciniki ba. Ka zaɓi kaya biyar ko shida waɗanda su ne ƙashin bayan shagonka. Nawa su ne taliya, sukari, man gyaɗa, shinkafa, fulawa da sabulun wanki. Duk daren Juma'a ka rubuta adadin da ke ƙasa, sannan ka ɗauki kuɗin da ke hannunka da na asusu ka mayar da shi kaya a farashin sarin ranar, wato ka tambayi kanka kwali nawa wannan kuɗi zai ɗauko in ka je kasuwa gobe da safe. Ka haɗa su. Wannan adadi shi ne jarinka. In ya ƙaru a kan na makon jiya, abin da ya ƙaru shi ne ribarka, shi kaɗai kake da damar taɓawa. In ya ragu, ko nawa ka gani a waya, faɗuwa ka yi. Aikin bai fi na rabin awa ba in an saba.

Daga nan sai sa farashi, kuma a nan ne mutanen kirki suka fi cutuwa. Maigidana ya koya mana cewa ka ɗora ribarka a kan abin da ka sayo, kuma a zamaninsa gaskiya ne, don farashin kwali yana iya yin wata shida bai motsa ba. Yanzu dole ka ɗora ribar a kan abin da za ka biya in za ka mayar da gurbin kayan yau. Na san nauyin da wannan yake da shi a zuciya. Mutum zai zo ya ce, "Haba Malam, ai tsohon kaya ne, da idona na ga an sauke shi makon jiya." Gaskiya ya faɗa. Amsar da nake bayarwa ita ce, "Haka ne Alhaji, amma in na ba ka a tsohon kuɗi, wanda za ka zo nema mako mai zuwa ba zan iya sayo shi ba." Mafi yawan mutane suna ganewa in ka yi musu bayani da mutunci, musamman in ka nuna musu rasit ɗin sarin jiya. Ni ina liƙa shi a jikin kanta.

Sai dai wannan ƙa'ida tana da sharaɗi, kuma wanda ya bar sharaɗin ya koma azzalumi. Ranar da farashi ya sauka a Singa, kai ma ka sauke a ranar, ko da kayan hannunka da tsada ka sayo su. Ba ya yiwuwa in ya hau ka ce farashin yau kake bi, in ya sauka ka ce ai da tsada ka sayo. Mutanen unguwa suna lura, kuma ba sa mantawa. Ban da haka ma, in ka sayar da araha za ka mayar da gurbinsa da araha, adadin kwalinka bai ragu ba.

Sanin farashin yau aiki ne na kowace safiya. Ina da diloli uku da nake kira kafin in buɗe shago, a layi daban-daban, don kada in dogara da bakin mutum ɗaya. Akwai kuma zauren WhatsApp da mu masu shaguna a yankinmu muka buɗe, duk wanda ya shiga kasuwa ya turo abin da ya tarar. Duk da haka zuwa da kai ya fi aike. A watannin farko na 2024 na sha kiran dila da ƙarfe tara ya faɗa min kuɗi, in isa da sha ɗaya ya ce, "Malam, wancan na safe ne, kamfani ya turo sabo." Tun ina jin haushi har na gane shi ma abin da nake gudu yake gudu. Abin da na koma yi shi ne in mun yi magana a waya na amince, nan take nake tura kuɗin in ce a ware min kayan, in ya so in je ɗauka da yamma. Ciniki ya faɗa ke nan, ba mai tayar da shi. Amma wannan sai da dilan da kuka daɗe, wanda ka san shagonsa da gidansa.

Lokacin da kaya ke hawa, kuɗi bai kamata ya kwana biyu a aljihun tebur ba. Cinikin yau ya zama kaya gobe. Na ɗauki wannan darasi da ƙarfi, har ƙarfin ya yi yawa, kuma gara in faɗi yadda ta kaya don kada wani ya bi sawuna. A ƙarshen 2024 na ɗauki adashi, na haɗa da abin da ke hannuna na zuba a shinkafa buhu 30, alhali abin da nake sayarwa bai fi uku zuwa huɗu a mako ba. Lissafina shi ne azumi na tafe, shinkafa za ta ƙara hawa kamar yadda ta yi ta yi shekara biyu. Ban sa a lissafi cewa tun watan Yuli gwamnati ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 ba, ga kuma sabon amfanin gona ya shigo. Shinkafa ta fara sauka a hankali. Na ce bari in jira ta dawo. Ba ta dawo ba. Buhunan suka tare min rabin shago, kuɗin da zan juya a taliya da mai yana kwance a cikinsu, masu saye suna zuwa neman abin da babu suna wucewa gaba. Da na haƙura na karyar, asarar kowane buhu ta haura naira 10,000, ban da cinikin da ya wuce ni na wata biyu, wanda shi ne ma ya fi ciwo.

Abin da na riƙe tun daga lokacin: ina sayen abin da na san zai fita cikin kwana 10 zuwa 14, ba na wuce haka sai da dalilin da na sani, ba wanda nake zato ba. Na san za a sha sukari da gero da man gyaɗa a azumi, na san za a nemi fulawa da kayan ƙamshin girki daf da salla, na san kasuwar sabulu da madara da garin shayi tana motsi in za a koma makarantun kwana. Wannan sanin buƙata ne, za ka iya ƙara sari dominsa. Amma "zai yi tsada" zato ne, kuma mai ƙaramin jari ba shi da ƙarfin caca da zato. Balle abinci, wanda ɓoye shi ana buƙata don a jira tsada addini ma ya hana.

Ka kuma daina kallon girman riba a kan kaya ɗaya, ka kalli saurin juyawarsa. Naira 100,000 a kayan da ke ba ka 3,000 amma suna ƙarewa duk mako, cikin wata uku ta kawo maka kusan 39,000. Ita dai wannan 100,000 ɗin a kayan da ke ba ka 15,000 amma sai sun yi wata uku kafin su ƙare, 15,000 ɗin ce kawai, kuma kafin su ƙare farashin sari ya gudu ya bar ka. Ka zagaya shagonka da ido, duk abin da ƙura ta hau kansa, turaren nan mai tsada, biskit ɗin gwangwani, man shafawar da aka daina yayi, ka karya shi ko a uwar kuɗi ne ya fita. Kwantai ba ado ba ne, kuɗinka ne a ɗaure.

Wani abin da littafi ba zai nuna maka ba sai ido, shi ne yadda hannun masu sayenka ya canza. Akwai wata dattijuwa a layinmu, jikoki huɗu take riƙo. A da duk wata takan aiko a ba ta man gyaɗa galan guda. Wata safiya ta zo da kanta, ta jira har mutane suka ragu, sannan ta fito da wani ɗan kofin roba daga cikin hijabi ta ce, "Ɗan nan, ko za a samu na ɗari biyu?" A lokacin ƙaramin abin da nake da shi kwalba ce. Na karɓi kofin na tsiyaya mata da ƙiyasi, na ce, "Iya, kullum ki zo, akwai." Da ta tafi na zauna ina tunanin mutum nawa ne a unguwar nan suke wuce shagona su tafi wajen mai teburi, saboda kunyar tambayar abin da suka san ban kasa ba. Washegari na sayo ƙananan ledoji da ludayin awo da ɗan sikeli mai batir.

Yau kusan kashi ɗaya cikin uku na cinikina ƙulli ne: sukari, gishiri, garin omo, mai, madarar gari, har taliya ana raba leda biyu. In za ka shiga wannan, ka yi shi da sikeli. Ka auna ƙulli ɗaya, ka lissafa nawa buhu mai kilo 50 zai ba ka, ka cire kuɗin leda da ɗan abin da ke zubewa, sannan ka sa kuɗi. Masu ƙullawa da ido suna faɗuwa ba su sani ba, don hannu ya fi karkata ga ƙari. In kaya sun hau kuma dole ka rage girman ƙullin, ka faɗa wa mai saye da bakinka cewa na ɗari ya ragu. Kada ka bari ya je gida ya gano da kansa, kuma kada ka kusanci tauye mudu ko bugun gindin kwano. Haka nan ka ajiye kaya hawa biyu, mai suna da mai sauƙi, shinkafa 'yar kamfani da 'yar Hausa, don wanda ya sauko daga na sama ya tarar da na ƙasa a wajenka.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai shago a unguwa da ya ce ba ya bayarwa sam, ko dai bai daɗe ba ko ba zai daɗe ba. Amma ka san abin da kake bayarwa. A shekarar da kaya suka hau da kashi 34 cikin 100, wanda ya riƙe maka naira 50,000 wata huɗu ya dawo maka da ita cif, abin da za ta saya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma. Ba kuma halal ba ne ka ce ya ƙaro don kaya sun tashi, ciniki ya riga ya faɗa a kan kuɗin ranar, ƙari a kai riba ce ta haram. Tun da ba za ka ƙara kuɗi ba, abin da ya rage maka shi ne ka gajarta lokaci ka kuma sa iyaka. Ni duk bashin da ke waje ba na bari ya wuce kashi ɗaya cikin goma na kayan shago. In ya kai nan, sai wani ya biya wani zai ɗauka. Ma'aikaci mai albashi muna yin wa'adin ƙarshen wata, mai sana'ar hannu mako guda, kuma ba a ɗora sabo a kan tsoho. Komai ƙanƙantarsa ina rubutawa a gaban mutum, da rana da wa'adi, in karanta masa. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, ina tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Akwai kuma waɗanda ka san ba su da halin biya, kai ma ka sani, su ma sun sani. Irin waɗannan kada ka sa su a littafin bashi, ka ɗora musu nauyin da zai sa su riƙa canza hanya in sun hango ka. Ka ware abin da za ka iya a wata, ko mudu biyu ne, ka bayar don Allah, ka rubuta shi a matsayin abin da ya fita. Lissafinka ya zauna daidai, zumunci ma bai lalace ba.

Gidanka ma mai saye ne, kuma shi ya fi kowa cin bashi ba ya biya. Ka yanka wa kanka kuɗin cefane na mako, ka tsaya a kansa. Duk abin da aka aiko yaro ya ɗauka, ko magi ne, a rubuta a cire daga ciki. Gudummawar biki da suna da ta asibiti daga wannan kason za ta fito ko daga ribar da ƙirgen Juma'a ya tabbatar, ba daga aljihun tebur ba. Na zaunar da maiɗakina na nuna mata littafin nan na kwali 110 da 61. Tun daga ranar ita ce ma take tuna min in na fara sakin hannu.

Kuɗin da ke fita a gefe kuwa, mota ce ta fi cin mu tun da mai ya tashi. Mu huɗu masu shaguna a layi ɗaya muka haɗa kai, muna shiga Singa rana ɗaya mu ɗauki kurkura ɗaya, maimakon kowa ya yi sawu uku a mako shi kaɗai. Da muka ga abin ya yi, sai muka fara haɗa kuɗin sarin ma, don wanda ya ɗauki kwali 80 ba kuɗi ɗaya ake ba shi da mai ɗaukar 20 ba. Firiza kuma na lissafa man da janareto ke sha a rana na gwada da ribar lemo da ruwan leda, na ga ina sanyaya wa mutane ruwa ne da kuɗin taliya. Na kashe injin, na koma sayen ƙanƙara a lokacin zafi, sai bara Allah ya hore na sa 'yar sola.

Wahalar canjin kuɗi ta koya mana cewa hanyar karɓar kuɗi ɗaya ba ta isa. Ka riƙe asusu biyu a wurare daban, da na'urar POS in da hali, don ranar da sabis ɗin ɗaya ya ɗauke kada ciniki ya tsaya. Ka ajiye ɗan tsabar kuɗi na dako da canji. Kada kuma kaya su bar kanta don an nuna maka hoton rasit a waya, sai ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin ya zauna. Ka koya wa yaronka wannan tun ranar farko, don shi ake raina wa wayo in ba ka nan.

In jari ya yi ƙasa zuciya takan raya wa mutum rance. A Nuwambar 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuwa a lokacin har sama da haka suke bayarwa, na manhajojin waya ba a ma magana. Ko da mutum ya ajiye maganar haramci a gefe, wanda bai kamata ya ajiye ba, sana'ar da ribarta naira biyar zuwa bakwai ce a cikin ɗari ba ta ɗaukar wannan kaya. Akwai bankunan da ba sa harkar ruwa irin su Jaiz da TAJ, masu sayen kaya su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. In za ka je, ka tambayi jimillar abin da za ka biya da ranakun biya, ka gwada da saurin juyawar kayanka kafin ka sa hannu. Adashi ma ka sake dubansa: na wata goma sha biyu, mai ɗaukar ƙarshe kuɗin da ya rame yake karɓa. Mu mun mayar da namu na mako-mako, mutum takwas, wata biyu an zagaya, kuma wanda ya yi ƙarshe a wannan zagaye shi ne farko a na gaba.

Jarin da ya fi kowanne sauƙi a kasuwar nan shi ne yardar dila, ya ba ka kaya ka sayar ka kawo. Da shi na farfaɗo bayan asarar shinkafa. Ana samunsa ne da abu ɗaya, cika wa'adi. In ka ce Laraba, ta zama Laraba. Sau ɗaya na ga ba zan cika ba, tun ranar Litinin na tafi da ƙafata da abin da na tara, na ce, "Alhaji, ga kashi biyu cikin uku, ragowar ina neman alfarmar zuwa Asabar." Ya ƙirga, ya dube ni ya ce, "Da waya ka kashe, da mun rabu. Je ka, Allah ya kai mu." Ranar Asabar da hantsi na kai masa, ya sa yaransa suka ɗora min wani kayan ban tambaya ba.

In Sha'aban ya zo, ka yi babban ƙirge, a rufe shago yini guda in ta kama. Ka ja layi biyu a takarda. Layin farko na naira ne, ka yi wa kayan kuɗi a farashin ranar, ka haɗa da tsabar kuɗi da bashin da kake sa ran za a biya, in ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo ka fitar da ɗaya cikin arba'in. A nan ka tambayi malamin da ya san babin, don naira ta sa nisabi yana canzawa kusan duk wata. Layi na biyu na adadi ne, kwali nawa, buhu nawa, jarka nawa, ka ajiye shi kusa da na bara. A ƙirgen da muka yi na ƙarshe, ni da yaron nan, taliya da makaroni sun dawo kwali 94, man gyaɗa jarka 14. Tsagin bangon har yanzu ana ganin kansa daga sama, jeri biyu ya rage a rufe shi.